An ce a sa wa Hajiyarmu ƙarfe a cikin ƙashin cinya, Kawu kuma ya ce sai mai ɗori

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah shawara nake nema cikin gaggawa. Mahaifiyarmu ce santsi ya kwashe ta a banɗaki shekaranjiya da asuba, ta shiga alwala. Shekararta 74. Tun da aka ɗago ta ba ta sake taka ƙafar dama ba, ƙafar ta ɗan gajarce, tafin kuma ya kwanta yana kallon waje. An yi hoto, likita ya ce ƙashin cinya ne ya karye can sama wajen kwatangwalo, wai aiki za a yi mata, a zura ƙarfe a cikin ɓargon ƙashin a ɗaure da sukurori. Kawunmu, yayanta, ya ce atafau ba za a yanka 'yar'uwarsa da tsufanta ba, a mayar da ita gida a kira mai ɗori. Gida ya rabu biyu. Tana da hawan jini, amma ba ta da suga. Masu sani ku taimaka mana.

Ummu Salma: Wa alaikumus salam. Sannunku Maman Hanif, Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Baba Ɗangwale: 'Yata, kawunku ba shirme yake yi ba. Mu da muka ga jiya muka ga yau, da ɗori muka tashi. Hannuna na hagu ya taɓa karyewa ina saurayi, da kara da tsumma da tofi aka ɗaure shi, ga shi har yau da shi nake ɗaukar buhu. Tsohuwa mai hawan jini a kai ta a kashe mata jiki, in ba ta farka ba fa? Ga kuɗin da za a ce ku kawo. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Dakta Abu Amir: Allah ya sawwaƙe. Maman Hanif, kafin in ce komai, tambaya ɗaya: likitan ya ce wuyan ƙashin ne ya karye ko ƙasa da wuyan? Kuma me aka rubuta a takardar kayan aikin?

Maman Hanif: Ya ce ƙasa da wuya ne Dakta, kuma ba karaya ɗaya ba ce, wajen ya ɗan farfashe. A takardar an rubuta PFN.

Dakta Abu Amir: To madalla, yanzu na gane. PFN shi ne sunan ƙarfen da ake zurawa cikin ɓargon saman ƙashin cinya. Bari in yi bayani yadda za ki iya karanta wa Kawu.

Saman ƙashin cinya yana da kai mulmulalle da yake zaune cikin kwatangwalo, sai wuya, sai wasu tudu biyu, babba da ƙarami, inda manyan tsokoki suke kama ƙashin. Idan wuyan ne ya karye a tsoho kuma ya goce, yawanci ba a ma wahalar haɗa shi, domin jijiyoyin jinin da suke ciyar da kan ƙashin ta jikin wuyan suke bi, karayar takan tsinke su, kan ya mutu. A nan sai a cire kan a sa na ƙarfe. Na Hajiya ba wannan ba ne. Nata tsakanin tudun nan biyu yake, wurin kuma yana da wadatar jini, saboda haka yana haɗewa.

Baba, ranka ya daɗe, a nan kana da gaskiya ta wani ɓangare, kuma ba zan ɓoye ta ba. Irin wannan karayar ko ba a yi aiki ba ƙashin yana iya haɗewa. Amma a duba abu biyu. Hannunka da aka ɗaure, kara ya kama sama da karayar ya kama ƙasa da ita. A kwatangwalo ina za a kama? Ƙashin yana can ƙarƙashin nama mai kauri, tsokoki kuma suna ja dare da rana, shi ya sa ƙafar ta gajarce ta juya. In ya haɗe a haka, a gajarcen zai haɗe. Na biyu, wanda ya fi damuna, kai da ka karye a hannu da ƙafarka kake yawo. Ita kuwa sai ta kwanta wata biyu zuwa uku ba juyi. Kwanciyar ce take kashe tsofaffi, ba ƙashin ba: gyambon kwanciya a ɗuwawu da dunduniya, majina ta taru a huhu ta zama namoniya, jini ya daskare a jijiyar ƙafa gudan ya ɓalle ya tafi huhu, ciwon mafitsara, ga ƙarfin jiki yana zagwanyewa. Mu dalilin da ya sa muke sa ƙarfen shi ne ta tashi zaune washegari, ta fara dogara ƙafar. Ƙashin zai haɗe a lokacinsa, wajen wata uku, amma ita tana tsaye yake haɗewa.

Baba Ɗangwale: Likita, ai mutuwa ta Allah ce. A asibitin ma ana mutuwa.

Dakta Abu Amir: Haka ne Baba, kuma ba wanda zai ba ku tabbacin rai. Aikin yana da haɗari. Na kwanciyar ne ya fi.

Sista Maryama: Sannu Maman Hanif. Ni nas ce a ɓangaren ƙashi a nan Ingila, kusan kullum muna karɓar irin Hajiya, har waɗanda suka haura 90. Ƙa'idar NICE, hukumar da take tsara ƙa'idojin jinya a nan, da muke bi ita ce a yi aikin ranar da aka kwantar da mutum ko washegari, sannan a tayar da shi washegarin aikin. Wannan hukumar ta ce kusan mutum 1 cikin 10 masu karayar kwatangwalo suna rasuwa cikin wata guda, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma cikin shekara, yawanci saboda cututtukan da dama suke ɗauke da su. Wannan fa a ƙasar da ake gaggawar aikin ke nan. Ban kawo wannan don in tayar miki da hankali ba, so nake gida su san cewa kowace ranar da aka ƙara ana jayayya, ita take biya. Game da kashe jiki da Baba ya ambata, sau da yawa allurar baya ake yi, daga ƙugu zuwa ƙasa ne yake mutuwa, mutum idonsa biyu. Hawan jini kuma in an daidaita shi ba ya hana aiki.

Maman Hanif: Na gode Anti. Ni abin da yake ba ni tsoro shi ne yankan. Na ɗauka tsaga cinyar za a yi tun daga sama har gwiwa.

Dakta Abu Amir: A'a. Za a kwantar da ita a wani gado na musamman da yake riƙe ƙafa, a ja ƙafar a hankali a juya ta har ƙashin ya koma mazauninsa. Ana yi ana kallo a na'urar hoto mai siffar harafin C da take nuna ƙashi nan take, ba a buɗe wurin karayar ma. Sai a ɗan tsaga sama da babban tudun nan, tsawon bai wuce ɗan yatsa ba, a huda ƙashin, a zura waya, a bi ta da ƙarfen ya shige cikin ɓargo. Sannan ta wata 'yar tsaga a gefen cinya a tura babban sukurori ya ratsa ta ramin da yake jikin ƙarfen, ya bi wuya ya shiga cikin kan ƙashin. A ƙasa kuma a sa ƙaramin sukurori ya kulle don kada ya juya. Tsaga biyu ko uku ƙanana, shi ke nan. Akwai gajeren ƙarfe, wajen milimita 170 zuwa 240, akwai dogo da yake kaiwa kusa da gwiwa, wanda ake sawa idan karayar ta gangaro ƙasa. Ku dai tanadi masu ba da jini tun yanzu. Irin wannan karayar jini yana zuba a cikin cinya ba a gani, tsofaffinmu kuma dama da yawa jininsu a ƙasa yake.

Abban Fadila: Ni dai ku yi haƙuri, ba zan yi shiru ba. Mahaifinmu irin wannan ƙarfen aka sa masa a wani asibitin kuɗi, ba zan kama suna ba. An sallame mu muna ta murna, bayan 'yan makonni ya fara ihun ciwo, aka sake hoto aka ga sukurorin ya yanko kan ƙashin ya fito. Sai da aka sake wani aikin a wani wuri, aka canza masa kan ƙashin gaba ɗaya. Kuɗi biyu, wahala biyu. Likitoci kuna faɗin daɗin abin, ba kwa faɗin wannan.

Baba Ɗangwale: To kun ji. Gani ya kori ji.

Dakta Abu Amir: Allah ya ƙara wa mahaifinku lafiya, Abban Fadila. Abin da ka faɗa yana faruwa, shi ne ma babbar hanyar da wannan aikin yake lalacewa. Ban ga hotonsa ba, don haka ba zan yanke wa kowa hukunci ba. Amma an san abubuwan da suke jawo shi: ƙashi ya yi laushi ƙwarai, ko ba a daidaita karayar da kyau ba kafin a sa ƙarfen, ko sukurorin bai zauna a tsakiyar kan ƙashin ba. A 1995 wani likitan ƙashi a Amurka, Baumgaertner, da abokan aikinsa suka fitar da wani awo: a auna tazarar da ke tsakanin bakin sukurori da ƙololuwar kan ƙashi a hoton gaba da na gefe, a haɗa. In bai wuce milimita 25 ba, da wuya ya yanko. Har yau da wannan awon muke aiki. Biyu daga cikin dalilai ukun nan a hannun mai aikin suke, shi ya sa zaɓen wuri ya fi zaɓen ƙarfe muhimmanci. Maman Hanif, kada ki ji kunyar tambaya: likitan ƙashi ne zai yi aikin da kansa? Na'urar hoton ɗakin tiyata tana aiki? In kuna Kano ga Asibitin Ƙashi na Dala, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, in ta Zariya ne ga Shika.

Dakta Ummu Aiman: Salam. Na daɗe ina karantawa. Dakta Abu Amir, na yarda da kai a kan aiki, amma ina da ja a kan ƙarfen. Yanzu kowace karayar tudu aka gani sai a rubuta PFN, kamar DHS ya daina aiki. Ga waɗanda ba su sani ba, DHS faranti ne da ake ɗaurawa a gefen ƙashi daga waje, da babban sukurori mai zamewa da yake shiga kan ƙashin. Ya fi araha, kuma a karayar da ba ta farfashe ba sakamakonsu ɗaya ne. Ita NICE ɗin da Sista ta ambata ai farantin ta fifita a yawancin karayar tudu, ƙarfen ɓargo ta ware shi ga wadda ta gangara ƙasa da tudu da wadda ta karye a karkace ta baibai. Ƙasa mai arziki ke nan tana lissafin kuɗi. Mu da iyali suke sayar da fili su sayi ƙarfe, ai mu ya fi kamata mu yi wannan lissafin.

Dakta Abu Amir: Ban ƙi ba Dakta. A karaya mai gida biyu da ta zauna daram, ni ma farantin zan sa in kwana lafiya. Amma ta ce wajen ya farfashe. Idan bangon ƙashin na gefe ya tafi, ko ƙaramin tudu ya ɓalle da babban yanki, farantin ba shi da abin jingina, karayar sai ta yi ta zamewa ƙafa ta gajarce. Bambancin kamar ginshiƙi ne a tsakiyar ɗaki da tokara daga bayan katanga. Na cikin ɓargo ya fi kusa da inda nauyin jiki yake sauka.

Dakta Ummu Aiman: "Ya ɗan farfashe" a bakin 'yar mara lafiya ba hoto ba ne. Kuma kada mu manta ƙarfen ɓargo ma yana da tarihinsa. Wani irinsa mai suna Gamma, na farko da ya fito a 1988, an sha samun ƙashin cinya ya karye daidai inda ƙarfen ya ƙare, sai da aka yi ta gyara ƙirarsa. Shawarata ita ce ta tambayi likitan nasu kai tsaye: wannan karayar faranti zai riƙe ta? In ya ce a'a ya nuna mata dalili a hoto, to a sa PFN ɗin ba gardama. Amma kada rashin kuɗin PFN ya sa a mayar da ita gida alhali akwai wata hanyar.

Dakta Abu Amir: Wannan jimlar ta ƙarshe na sa hannu a kanta.

Ɗan Boko: Ikon Allah, yau likitoci ne suke muhawara mu muna shan kallo. Ni tarihin ne ya burge ni. Wani likitan Jamus, Gerhard Küntscher, shi ya fara zura irin wannan ƙarfen a ƙashin cinyar mutum a birnin Kiel a 1939. Da ya gabatar da aikin a taron likitocin tiyata a Balin a 1940, da yawansu suka yi masa ca, suna ganin ɓargo ba wurin wasa ba ne. Amurkawa ma sai da fursunonin yaƙinsu suka dawo daga Jamus aka yi musu hoto aka ga ƙarfe a cinyarsu, kuma suna tafiya da ƙafarsu. Ashe tsoron Kawu manyan likitocin Turai ma sun taɓa yin sa.

Baba Ɗangwale: Ka ga ni ba ni kaɗai ba ne. Amma ina da tambayar da ba ta likita ba. Mutum ya rasu da ƙarfe a jikinsa, haka za a binne shi? Kuma sallarta fa, ina sujada?

Malam Abu Huzaifa: Baba, Allah ya ƙara girma. Ta sallah mai sauƙi ce. Hadisin Imrana bin Husaini yana cikin Bukhari: ka yi sallah a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Ta zauna a kujera ta yi nuni har ta samu sauƙi. Ƙarfen da yake cikin ƙashi kuwa ba a tsaga gawa don a ciro shi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Da shi ake yi masa sutura. Neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba.

Maman Hanif: Jama'a Allah ya saka da alheri. Yayanmu ya kai wa Kawu wayar, an karanta masa tun daga sama. Maganar kwanciya wata uku ce ta kama shi, don ya tuna yadda gyambo ya cinye bayan wata gwaggonsu. Bai ce ya yarda ba, cewa ya yi "ku kuka sani", mu kuma mun san ma'anar wannan a bakinsa. Na tambayi likitan batun faranti, ya nuna mini a hoto inda gefen ƙashin ya ɓalle, ya ce PFN ɗin dai. Ƙannena sun tafi ba da jini.

Sista Maryama: Alhamdulillah. To ki ji abin da ba a cika faɗa wa masu jinya ba. Bayan aiki tsofaffi da yawa sukan ruɗe, musamman da dare: ta kira sunan waɗanda suka rasu, ta ce a mayar da ita gida, ta fizge robar ƙarin ruwa. Kada a ce jifa ne ko aljanu, kada kuma a ɗaure ta. A gaya wa nas, domin ciwo, ƙarancin ruwa ko jini, rashin bayan gida ko ciwon fitsari duk suna kawo shi, kuma yawanci yana wucewa. A bar fuskar da ta sani kusa da ita, in tana da tabarau a sa mata. Sai allurar hana daskarewar jini, irin su Clexane, da ake yi a fatar ciki. Mu nan wajen kwana 28 muke ba su. Ki tambaya kafin sallama, kada a tsaya a kwanakin asibiti kawai. A riƙa duba dunduniyarta da bayanta kullum. Kuma a ba ta abinci na gaske, ƙwai, wake, kifi, nono, ba kunu da shayi kaɗai ba.

Mai Gashin Ƙashi: Ni nawa faɗan da 'yan gida ne. Mukan tayar da mara lafiya a asibiti, a koma gida tausayi ya hana ta motsi. Jika ya miƙo buta, suruka ta kawo fo bakin gado, kowa yana cewa "kwanta Hajiya, kada ƙarfen ya goce". Bayan wata biyu a dawo mana da ita gwiwa ta sandare. In likita ya ce ta taka, a bar ta ta taka da abin dogarawa mai ƙafa huɗu, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Za ta ji ciwo, a ba ta maganin ciwon kafin motsa jikin, ba bayansa ba. A ɗauke katifa daga ƙasa a sa ta a gado. Masan tsuguno ya haramta gare ta yanzu, a nemo kujerar bayan gida. Banɗakin da ta faɗi kuma a gyara shi: abin riƙewa a bango, fitila mai caji, a shimfiɗa roba a kan tayil, a sa mata kujerar alwala.

Ummu Salma: Don Allah wai gaskiya ne mai ƙarfe a jiki tsawa tana binsa? Kuma in ta warke sai an sake aiki an cire?

Dakta Ummu Aiman: Tsawa ba ta san da shi ba, Hajiya. Na'urar bincike a filin jirgi dai tana iya yin ƙara, in za ta Umara sai ta riƙe takardar asibiti. Cirewa kuma a tsofaffi ba a yi, sai in yana damunta ko ƙwayar cuta ta shiga. Yawancinsu da titaniyom ake ƙera su, ba sa tsatsa.

Abin da nake so Maman Hanif ta rubuta ta ajiye shi ne wannan. Lafiyayyen ƙashin cinya ba ya karyewa don mutum ya faɗi daga tsaye. Karyewar da ya yi alama ce ƙashinta ya yi laushi, abin da yake yawan samun mata bayan ɗaukewar al'ada, kuma ɗaya ƙafar ma haka take. Mu likitocin ƙashi mukan ɗinke mu sallama, ba wanda ya tayar da zancen. Ranar komawa asibiti ki tambaya da bakinki a duba mata sinadarin kalsiyom da bitamin D da lafiyar ƙoda, a ga ko za a ɗora ta a kan maganin ƙarfafa ƙashi irin su alendronet. A duba idonta ko akwai yana, a kuma sake duba magungunan hawan jininta, don wasu suna sa jiri in mutum ya miƙe da sauri, musamman da asuba.

Maman Hanif: Na rubuta Dakta. Shi wannan alendronet ɗin a kemis ake samu, mu saya tun yanzu?

Dakta Ummu Aiman: A'a, kada ku saya da kanku. Sai an ga gwajin ƙoda da na kalsiyom tukuna. Yana kuma da ƙa'idar sha: sau ɗaya a mako, da safe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, sannan ta zauna a miƙe minti 30 ba kwanciya, in ba haka ba yana ƙona maƙogwaro. Wadda ba ta iya zama sosai ba tukuna ba a fara mata shi.